Mod Podge a kan kwalin kati: gam ne mai kyau, idan aka bar shi ya bushe kafin a ɗora tishu

Duk mai haɗa katin gaisuwa da hannu ya san inda gizo ke saƙa idan aka zo manna tishu mai zane a kan kwali. Fallen tishun da ke ɗauke da zanen bai kai ɓawon albasa kauri ba, shi kuma kwali ba ya ga maciji da ruwa. Gam ɗin da aka fi ambata a wannan aiki, wato Mod Podge, da ruwa aka dama shi. Shi ya sa mutane da yawa suke sayen kwalba, su gwada sau ɗaya, tishu ya yamutse, kwali ya kantare, su rufe kwalbar su ce gam ɗin ba shi da kyau. Gam ɗin yana da kyau. Hanyar da aka saba amfani da shi ce ba ta dace da kati ba.

Kamfanin Plaid na Amurka ne ke yin sa, kuma wata mata mai suna Jan Wetstone ce ta ƙirƙiro shi a birnin Atlanta a 1967. Ɗan gidan farin gam ne irin na kafinta da na makaranta, sai dai an daidaita shi yadda zai yi aiki uku: ya manna, ya toshe fuskar abu, ya kuma zama rufin ƙarshe. Fari ne kamar madara idan yana ɗanye, idan ya bushe sai ya koma garai. Akwai mai sheƙi, wanda takardar jikin kwalbarsa ruwan lemo ce, akwai marar sheƙi mai takarda ruwan ɗorawa, ban da wasu ire-iren da yawa. Domin kati, marar sheƙin ya fi, za a ga dalili nan gaba. Kwalba mai mililita 236 ita ce daidai ga mai farawa.

An yi shi ne da tunanin katako, tukunyar fure, tire da makamantansu, abubuwan da ba ruwansu da jiƙewa. A kan irin waɗannan ana shafa gam, a ɗora takarda yana ɗanye, a sake shafawa a kai. Idan aka kawo wannan tsari kan kwali, matsala uku ke tasowa lokaci guda. Zaren da ke jikin tishu yana shan ruwa ya kumbura, fallen ya buɗe ya fi girmansa na asali, to tunda wani sashen ya riga ya kama, rarar ba ta da wurin zuwa sai ta tattare ta zama layi-layi. Na biyu, jiƙaƙƙen tishu ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Burushi ya bi ta wuri ɗaya sau biyu, ya tafi da fure guda. Na uku shi ne kwalin kansa. Fuskar da ta jiƙe tana buɗewa, bayan yana nan yadda yake, sai ya yi doro. Da ya fara bushewa gam ya ja, sai ya lanƙwashe ta ɗaya ɓangaren kamar ɓawon kwakwa. Wani tishun ma, musamman mai ja ko shuɗi mai duhu, launinsa zuba yake yi ya ɓata farin da ke kusa.

Abin da ya ceci wannan gam shi ne halinsa da zafi. Bayan ya bushe, idan zafi ya taɓa shi sai ya yi laushi ya sake yin danƙo, idan ya huce ya kama. Ke nan ana iya raba aikin gida biyu: ruwan ya fita tukuna, tishun ya zo daga baya, dutsen guga ya haɗa su. Tishun ba zai taɓa ganin ruwa ba sam.

Ga yadda ake yi. A samu farin kwali mai santsi, mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, lambar da ake rubutawa a jikin fakiti. Dole ya zama fari ko mai haske sosai, domin falle ɗaya na tishu shara-shara ne, duk launin da ke ƙasa zai leƙo. A kan kwali ruwan ƙasa, farin fure zai koma kamar ya yi datti, shuɗi ya dushe. Kada a yi aikin a jikin katin da aka naɗe. A yi shi a kan wani yanki daban, daga baya a yanka a liƙa a fuskar katin. Takarda mai girman A5, wato santimita 14.8 da 21, tana ba da fuska biyu ta katin A6, kuma yin aiki a kan yankin da ya fi abin da ake buƙata girma yana ba da damar yanke gefuna, inda galibin aibin ke taruwa.

A manne kusurwoyi huɗu a kan allo da salatif ɗin takarda don rage kantarewa. Gam kimanin rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali ɗaya ya ishi takardar A5 shafi guda. A shafa da burushi mai faɗi mai laushi ko soso, daga wannan gefe zuwa wancan, ba tare da komawa kan wurin da ya fara bushewa ba. A bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a yi shafi na biyu a gicciye: idan na farko daga sama zuwa ƙasa aka ja, na biyu daga hagu zuwa dama. Shafi na biyun nan ba ado ba ne. Kwali yana shanye yawancin na farko, kuma duk inda burushi ya tsallake, nan ne tishu zai ɗaga daga baya ya yi farin tabo. A ɗaga takardar a karkata ta ga haske, wurin da ba gam zai fito fili saboda ba ya ƙyalli kamar sauran. Bisa wannan awo, kwalba ɗaya za ta yi fuskar kati kusan hamsin zuwa casa'in.

Sai a jira ya bushe sarai, minti talatin zuwa awa ɗaya, ya danganta da laimar ɗakin. Alamar bushewa ita ce farin ya ɓace gaba ɗaya, kuma idan aka ɗora bayan yatsa ba a jin sanyi. Sanyin nan ruwa ne da bai gama fita ba. Idan aka yi gaggawar guga a kansa, ruwan zai zama tururi, ba shi da mafita sai ya ɗaga tishun ya yi ƙananan kumfa waɗanda ba sa komawa.

Yayin jira a shirya tishun, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren da ake ɗora wa gam laifinsa. Yawancin tishun teburi mai zane falle uku ne, girmansa santimita 33 kowane gefe, ƙaramin kuma 25. Na saman kaɗai ke da zane, biyun ƙasa farare ne. An haɗa su ne da ɗigo-ɗigon matsi da ke zagaye da gefe, ba da gam ba. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a manna guntun salatif a bayan tishun kusa da kusurwa a ja a hankali, farin fallen zai biyo. To a sake yi karo na biyu. Mutane da yawa suna cire falle ɗaya su ɗauka sun gama, saboda na biyun yana manne da mai zanen kamar abu guda. Idan aka bar shi, gam zai kama farin fallen ne kawai, mai zanen yana zaune a sama ba abin da ya riƙe shi, ranar da aka yanka gefen sai ya buɗe kamar littafi. Idan aka ɗora fallen a kan tafin hannu ana ganin layukan hannun ta cikinsa, to an kai na ƙarshe. A goge shi da dutsen guga mai ɗumi don layin naɗi ya kwanta, kuma a kauce wa gefen mai ɗigo-ɗigo idan zanen ya ba da dama, domin ɗigon ba ya ɓacewa duka.

Wajen guga, a yi shi a kan abu mai tauri kamar allon katako. Teburin guga mai katifa yana lotsawa, matsi ba ya kaiwa ko'ina daidai. A shimfiɗa takardar gashi, irin wadda ake sa wa a tiren gasa kek, a ɗora kwalin fuskar gam tana sama, a shimfiɗa tishun ya zarce gefuna da kamar santimita ɗaya, a rufe da wata takardar gashin. Tunda gam ɗin a bushe yake, ana iya ja da tishun a gyara masa zama sau goma ba abin da zai same shi, wannan kaɗai ya isa dalilin bin wannan hanya. Kada a musanya takardar gashi da takarda mai kakin zuma, kakin narkewa yake ya bar maiƙo a zanen. A kashe tururi, in da hali ma a juye ruwan dutsen gaba ɗaya. Zafi matsakaici ake so, wurin ɗigo biyu a maɓallin dutsen, wanda yake kusan digiri 150 a ma'aunin Celsius. A fara daga tsakiya a nufi gefe, ana dannawa ana tafiya a hankali, kowane wuri ya samu kamar daƙiƙa 10 zuwa 15. Kada a ajiye dutsen wuri ɗaya, ramukan tururin da ke ƙasansa za su bar zanensu. A ƙara bin gefuna da kusurwoyi sau ɗaya. Sannan, tun da zafinsa, a ɗora littafi mai nauyi a kai na minti biyar kafin a ɗaga takardar gashin. Wannan matsin ne ke miƙar da kwalin, domin gam yana daskarewa ne a yanayin da ya huce a ciki.

Sakamakon, idan an bi wannan, abin a yaba ne. Fuskar tana fitowa sumul kamar a jikin kwalin aka buga zanen, idan aka shafa kuma ana jin laushi kamar na yadi. Ana iya lanƙwasa yankin kaɗan ba tare da ya ɗaga ba. Reza tana ratsa shi tsaf, injin yankan siffofi ma haka, ba ya barin danƙo a bakin ƙarfe.

Yana da nasa aibin, ba za a ɓoye ba. Mod Podge yana da kauri, kuma ba ya bajewa da kansa, don haka duk layin da burushi ya bari yana nan har bayan guga. A kan zane mai cunkoso ba a lura, amma a kan tishu mai fili da yawa, kamar farar ƙasa da 'yan furanni, layukan suna nunawa idan haske ya faɗo a karkace. Ƙaramar rolar soso tana rage wannan, ko a ɗiga ruwa kaɗan a gam ɗin shafi na biyu, kada ya wuce kashi ɗaya na ruwa cikin biyar na gam. Idan zafi ya yi yawa kuma, gam yana narkewa ya ratso tishun ya yi tabo mai ƙyalli, farin wuri ya soma komawa rawaya. Wurin da bai kama ba ana iya sake masa guga, amma wurin da ya ƙone ba gyara. Saboda haka a fara da zafi kaɗan a kan guntun gwaji, dutsen guga kowanne da halinsa. Kwalbar ma ba a yi ta don mai haƙuri kaɗan ba: bakinta faɗi ne, gam yana bushewa a zaren murfin har ya ƙi buɗuwa, guntattakin busasshen gam kuma su faɗa ciki su zama ƙuraje a kan aiki. A riƙa zuba abin da ake buƙata a ɗan faranti, a goge bakin kwalbar kafin a rufe. Burushi yana wankuwa da ruwa da sabulu muddin bai bushe ba.

Babban abin da za a yi hattara da shi shi ne rufin sama. An saba jin cewa aikin Mod Podge bai cika ba sai an shafa shi a kan zanen. A kan kati wannan shawara tana iya rusa duk abin da aka gina, domin an dawo da ruwan da aka yi ta gudu. Tishun zai ɗan tattare ko da ya manne, kwalin zai sake kantarewa. Ga kuma danƙo. Gam ɗin yana bushewa a taɓa cikin minti ashirin, amma kamfanin da kansa ya ce sai ya yi mako huɗu kafin ya gama ƙarfi, kuma a wuri mai laima fuskarsa tana iya ci gaba da kama abu. Katin da aka sa a ambulan washegari, aka danne shi cikin tarin wasiƙu, yana iya fitowa da gashin takardar ambulan a fuskarsa. Mai sheƙin ya fi marar sheƙi wannan hali nesa ba kusa ba. Kati ba tire ba ne, ba za a ɗora masa kofi ba, yawanci ba ya buƙatar rufi. Idan ana tsoron gogewa ko hannu mai maiƙo, a fesa masa rufin akirilik marar launi irin na gwangwani, sau biyu sama-sama daga nisan santimita 25 zuwa 30, a waje ko kusa da taga.

Yaya yake idan aka jera shi da sauran hanyoyi? Gam na sanda, irin su Pritt da UHU, shi ne mafi saurin samu kuma ruwansa kaɗan ne, don haka kwali ba ya kantarewa sosai. Matsalarsa gudaji da saurin bushewa: kafin a gama shafa ƙasan takardar, saman ya daina kamawa. Ya dace da ƙananan guntaye, fure ɗaya ko tsuntsu ɗaya, ba fuskar kati duka ba.

Ledar rufe abinci dabara ce da ke yawo a bakin masu wannan sana'a. Ana shimfiɗa ta tsakanin kwali da tishu a yi guga, ta narke ta haɗa su. Ba jira, ba burushi, fuskar kuma tana fitowa sumul. Amma leda ba gam ba ce, riƙon da take yi na sama-sama ne, kuma da zafi ya taɓa ta sai ta tsuke ta janye daga gefe, shi ya sa kusurwoyi ke ɗagawa bayan an yanka. Ba kowace leda ke yi ba, kuma wadda aka yi da nau'in robar da ake kira PVC bai kamata a narka ta ba saboda hayaƙinta. Takardar naɗe nama ta firiza, irin ta Reynolds mai leda a fuska ɗaya, ta fi ta tabbas: ana goge tishun a kan fuskar mai ƙyalli, a samu takarda mai ƙwari wadda za a yanka a liƙa a kati da gam na yau da kullum. Tana da kyau wajen yin ambulan mai zane.

HeatnBond, gam ɗin guga na masu ɗinki, yana riƙe tishu gam-gam kuma kaurinsa ɗaya ne ko'ina, ba layin burushi. Sai dai yana da saurin ratsowa ya sa fuskar ta yi ƙyalli kamar roba idan aka wuce 'yan daƙiƙu, don haka mai sauƙin, wanda ake kira Lite, ya fi dacewa da falle ɗaya. Gam na feshi kamar 3M Super 77 ba ya jiƙa takarda, amma yana da wari, yana bin iska ya sauka a kan duk abin da ke tebur, kuma tishu ya taɓa shi sau ɗaya shi ke nan, ba gyara.

Abokin hamayya na gaske shi ne takardar gam mai fuska biyu, wadda ake ɓare mata bango a manna a kwali, a ɓare ɗaya bangon a shimfiɗa tishu. Ba ruwa, ba zafi, minti biyu an gama. Wanda zai yi kati biyu ko uku, ita ta fi masa. Inda Mod Podge ya sha gabanta shi ne tsada idan katunan suna da yawa, da damar gyara zaman tishu kafin ya kama, da kuma yanka: gam ɗin takardar ba ya bushewa har abada, yana naɗewa a bakin almakashi yana kuma leƙowa ta gefen yanka ya kwashi ƙura. Mai yin kati ashirin ko talatin a zama ɗaya zai iya shafe takardunsa duka yau, ya jera su su bushe, gobe ya yi guga a jere. Takardun da aka shafa suna ajiyuwa, a dai sa takardar gashi a tsakaninsu kada su kama juna.

Takardar naɗe kyauta mai shara-shara ita ma tana bin wannan hanya, kuma ta fi sauƙi tunda falle ɗaya ce kuma ta fi tishun teburi ƙwari. A gwada launinta da jiƙaƙƙen auduga a kusurwa. Idan ya zuba, kada gam mai ruwa ya taɓa samanta. Wasu suna dunƙule ta da gangan su warware kafin guga, layukan su zama ado kamar fatar da aka jeme, kuma a nan shafi uku na gam ya fi biyu domin tudun layukan na buƙatar abin kamawa.

Wajen gyara gefe, a kifa yankin a yanka daga baya da sabuwar reza da rula ta ƙarfe. Reza mai dakushi jan tishun take ta yage shi. In ana son gefe mai laushi, a bi shi da abin goge farce ko samfefa mai laushi, ana ja daga fuska zuwa ƙasa kawai, rarar za ta faɗi da kanta. Idan fure ɗaya ake so daga cikin zane, kada a yanke shi da almakashi, gefen yanka yana fitowa ƙarara a kan farin kwali. A tsoma siririn burushi a ruwa a zagaye furen da layi, a ja a hankali, zai rabu a kan layin da gefe mai gashi-gashi wanda ke ɓacewa cikin kwalin bayan guga. A bar shi ya bushe kafin a ɗora. Gam ɗin da ya rage a fili kewaye da furen ba zai kama takardar gashi ba, amma zai ɗan yi ƙyalli, wani dalilin ke nan na zaɓen marar sheƙi.

Rubutun gaisuwa kuma kada a buga shi kai tsaye a kan tishun. Tawada tana bin zaren ta bazu, haruffa su yi gemu. A rubuta ko a buga hatimin a kan wani siririn farin kwali, a liƙa shi a sama. Shi kuma yankin da aka gama, santimita 10 da 14.3 ne ke zama daidai a fuskar katin A6, ya bar farin gefe na milimita biyu da rabi ko'ina. A liƙa shi da salatif mai fuska biyu, layi huɗu a gefuna da ɗaya a tsakiya, domin gam mai ruwa a wannan mataki zai sake lanƙwasa katin da aka sha wahalar miƙarwa.